God of War II da God of War na 2018: Wanne Ya Dace da Gidan Gem na Ƙauye?

A yawancin gidajen gem da ke garuruwan karkarar Jigawa, daga yankin Ringim har zuwa Gumel, wasan ƙwallon ƙafa ne ke kawo ciniki, domin mutum biyu ne ke zama a kansa, kuma sau da yawa wanda aka ci shi ne ke biya. Sai dai akwai wasa guda na mutum ɗaya da ya daɗe yana tara jama'a a bayan mai bugawa, wato God of War II, wanda kamfanin Sony ya fitar a watan Maris na 2007 a kan na'urar PlayStation 2. Yanzu da na'urorin PlayStation 4 na hannu suka fara saukowa wurin masu ƙaramin ƙarfi ta kasuwannin Kano, masu shaguna da dama sun fara tunanin ko lokaci ya yi da za su ɗora sabon God of War, na shekarar 2018, a gurbin tsohon. Na buga duka biyun har ƙarshe, na kuma zauna na kalli wasu suna bugawa a shagon wani ɗan'uwana a ƙauyenmu, kuma abin da na tsaya a kai shi ne sabon ya fi tsohon nagarta nesa ba kusa ba, amma tsohon ya fi shi dacewa da irin yadda muke buga gem a nan.

Wasannin biyu gida ɗaya suka fito, wato Santa Monica Studio da ke jihar Kalifoniya a Amurka, kuma mutum ɗaya ne ya jagoranci aikinsu, Cory Barlog, ko da yake shekara 11 ce tsakaninsu. Jarumin ma ɗaya ne: Kratos, mayaƙin Sparta ta tsohuwar ƙasar Girka, wanda a wasan farko na 2005 aka nuna yadda Ares, abin bautar yaƙi a tatsuniyoyin Girkawa, ya yaudare shi har ya kashe matarsa da 'yarsa da hannunsa, tokar gawarsu ta manne a fatarsa, shi ya sa jikinsa ya zama fari fat. Wanda bai san wannan tushe ba, zai iya jin daɗin tsohon wasan ba tare da ya rasa abu mai yawa ba, amma sabon ba zai kama shi yadda ya kamata ba, domin kusan duk nauyinsa ya rataya ne a kan abin da mutumin ya aikata a baya.

God of War II ba ya ɓata lokaci wajen gaisuwa. Da an danna farawa, Kratos yana dira a birnin Rhodes tare da rundunar Sparta, sai wata gaggafa ta zuƙe masa wani ɓangare na ƙarfinsa ta zuba a cikin ƙaton gunkin tagulla da ke tsaye a bakin tashar jiragen ruwa, gunkin ya motsa ya fara farautarsa. Mai bugawa yana cikin faɗa da sojoji a wani ɗaki, sai ya hango fuskar gunkin tana leƙowa ta taga, kafin ya ankara hannunsa ya fasa bango ya shigo. Daga nan a harba Kratos da majaujawar yaƙi ya faɗa kan fuskar gunkin, daga baya ya kutsa cikin cikinsa yana hawa katako da sarƙoƙi har ya tarwatsa shi daga ciki. Bayan wannan nasara ne Zeus, sarkin abubuwan bautar Girkawa, wanda ya yaudare shi ya zuba sauran ƙarfinsa a cikin takobi, ya soke shi da takobin. Duk wannan yana faruwa ne a farkon wasan, kuma yaron da ya biya kuɗin minti ashirin kacal zai tashi ya ga abin da zai ba abokansa labari a makaranta washegari.

Faɗan tsohon wasan yana da sauƙin koyo. Wuƙaƙe biyu ne ɗaure da sarƙa a hannuwan Kratos, yana wurga su suna share duk abin da ke kewaye da shi. Maɓallin murabba'i na saran sauri ne, na alwatika na sara mai nauyi, na da'ira na cafke abokin gaba, na X kuma na tsalle, har ma a ninka tsallen a sama. Wanda ya iya danna murabba'i sau biyu ya biyo da alwatika ya riga ya samu abin da zai kai shi nesa. Idan bos, wato babban abokin gaba, ya jigata sai alama ta fito a kansa, a shiga wani ɗan taƙaitaccen yanayi inda maɓallai ke bayyana a allo ɗaya bayan ɗaya, wanda ya makara ko ya danna wani daban a watsar da shi a sake. A nan ne shago ke kaurewa. Na ga wani ƙaramin yaro tsaye a kan benci, ya dafa kafaɗar wansa da ke riƙe da abin bugawa yana ihu, "Yaya, da'ira! Yaya, don Allah da'ira!", yayin da mai shagon ke cewa, "Kai, sauko mini daga kan bencin nan kafin ka karya shi." Mutum ɗaya ne ke bugawa, amma duk wanda ke wurin yana ganin hannunsa na ciki.

Abin da ke ba da damar hakan shi ne kyamarar wasan. Mai bugawa ba shi da iko a kanta. Masu wasan ne suka kafa ta a kowane wuri, kuma sau da yawa tana ja da baya har Kratos ya koma ɗan mitsitsi a gaban wani abu mai girman gaske, kamar manyan dawakan dutse da aka ɗaure da sarƙoƙi a tsibirin da 'yan'uwa mata uku masu riƙe da ƙaddara suke. Wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana ganin filin daga gaba ɗaya, yana ganin wanda ke zuwa ta baya, yana iya ba da shawara. Ga kuma yawan sauyi: yau ana kan doki mai fiffike ana faɗa a sararin sama, gobe ana kokawa da Icarus ana faɗowa cikin rami mai zurfi har a ƙwace fukafukansa, jibi ana tafiya a jikin ƙaton nan Atlas. Bos-bos ɗinsa ma kowanne da irin tasa siffar, daga Theseus da Perseus zuwa Euryale da Kraken, kuma da wuya a ji an maimaita abu har ya gundura.

Raunin tsohon wasan yana wurin mutumin da ake bugawa da shi. Kratos na 2007 fushi ne kawai, ba ya sauraron kowa, ba ya jin tausayin kowa, kuma duk wanda ya gamu da shi, mai laifi ko marar laifi, ƙarshensa ɗaya ne. Akwai wani wuri da ake tilasta wa mai bugawa ya ɗauko wani malamin fassara, ya kare shi daga maƙiya da ƙyar da jiɓin goshi har ya kai shi gaban wani littafi, bayan ya gama karantawa kuma a fasa kansa a jikin littafin domin a buɗe hanya. Wurin yana da wahalar wucewa, kuma abin da ake samu a ƙarshensa ba abin alfahari ba ne. Sannan labarin ba ya ƙarewa a wannan faifan: yana tsayawa ne daidai lokacin da Kratos da manyan ƙattai suka fara hawa dutsen Olympus domin yaƙar Zeus, ci gaban kuma yana cikin God of War III na 2010, wanda ba ya hawa PlayStation 2. Samari da yawa a garuruwanmu sun gama wannan wasa tun shekaru da dama ba su taɓa ganin yadda yaƙin ya kaya ba.

Sabon wasan, wanda ya fito ranar 20 ga Afrilun 2018, yana farawa ne da wani dattijo mai gemu tsaye a gaban bishiya, yana shafa shatin tafin hannun da matarsa ta bari a jikinta kafin ta rasu. Ya sare bishiyar, ya saɓa gungumen a kafaɗa, ɗansa Atreus na biye da shi. Kratos ya bar ƙasar Girka, ya koma can arewacin Turai, cikin duniyar tatsuniyoyin mutanen da a yau ƙasashensu su ne Nowe da Suwidin da Denmak, ya yi aure, ya haihu, ya ɓoye wa yaron asalinsa. Wasiyyar matar, Faye, ita ce a kai tokarta a watsa a kan dutse mafi tsayi a duniyoyinsu tara, kuma wannan tafiya ita ce wasan baki ɗaya. Kafin a kai ga babban faɗan da ake yi da wani baƙo mai zane a jiki da daga baya ake gane Baldur ne, ɗaya daga cikin abubuwan bautar ƙasar, sai an bi yaron farautar barewa, ana koya masa haƙuri, ana yi masa faɗa idan ya yi gaggawar sakin kibiya.

A cikin farautar nan akwai abin da ya sa na ɗauki wasan da muhimmanci. Bayan yaron ya kasa ƙarasa barewar shi kaɗai, uban ya riƙe hannunsa sun yi tare, yaron ya juya baya yana kallon nesa cikin damuwa, sai Kratos ya ɗaga hannu zai dafa kafaɗarsa, hannun ya tsaya a iska, ya janye shi ba tare da yaron ya sani ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake yi wa ɗan fari kunya ya san wannan hannu: uban da ba ya kiran sunan ɗansa, ba ya yaba masa a gaban mutane, ba ya wasa da shi, alhali idan yaron ya kwanta ciwo shi ne ba ya runtsawa. Bambancin shi ne abin da ke riƙe hannun Kratos tsoro ne, domin ya san abin da hannun ya taɓa aikatawa ga iyalinsa na farko, yana kuma fargabar kada yaron ya gaji halinsa. Wasan yana ɗaukar sa'o'i masu yawa yana matso da su kusa da juna a hankali, da saɓani da fushi da rashin kunyar ƙuruciya a tsakani, kuma Christopher Judge, wanda ya yi muryar Kratos, ya iya sanya nauyi a cikin gajeruwar magana. Ban san wani wasan faɗa da ya kula da zaman uba da ɗa haka ba, kuma ina ganin wannan kaɗai ya isa a girmama aikin.

Makamin ma ya canza. Gatari ne mai sanyin ƙanƙara, ana sara da shi da maɓallan R1 da R2, ana kuma iya jifa da shi ya kafe a jikin maƙiyi ko a bango, a ci gaba da faɗa da dunƙulen hannu da garkuwa, sannan a danna alwatika ya taso daga inda yake ya dawo tafin Kratos, yana saran duk abin da ya tare masa hanya. Ƙarar dawowarsa da ɗan girgizar da abin bugawa ke yi a hannu idan ya iso suna da daɗin da ba ya gushewa har ƙarshen wasan. Da gatarin ake warware yawancin wuraren da ke buƙatar tunani, a daskarar da wani inji da shi, a wuce, a kira shi. Atreus kuma ba kaya ba ne da ake ja: maɓallin murabba'i nasa ne, yana harba kibiya inda aka nuna masa, yana shaƙe maƙiyi ta baya, kuma shi ne ke karanta rubuce-rubucen ƙasar domin uban bai iya ba. A tsakiyar wasan tsofaffin wuƙaƙen masu sarƙa suna dawowa, a wani yanayi da ba zan bayyana ba, kuma wanda ya yi shekaru a kan PlayStation 2 zai ji abin har cikin ransa.

To, a ina matsalar take? Tana wurin lokaci da kunne da ido. Kyamarar sabon wasan tana manne a bayan kafaɗar Kratos, kuma tun daga farko har ƙarshe ba ta yankewa ko sau ɗaya, abin da ya zama abin yabo a wurin masana. Amma wannan kusanci na mai bugawa ne shi kaɗai. Wanda ke tsaye a baya ba ya ganin fili, bayan mutum kawai yake gani da abin da ke gabansa, maƙiyan da ke zuwa ta baya kuma sai dai wasu ƙananan kibiyoyi masu launi su nuna su. Babu maɓallin tsalle. Tsakanin faɗa da faɗa akwai doguwar tafiya, da hawan dutse, da tuƙa kwalekwale a wani babban tafki da ruwansa ke janyewa idan ƙaton macijin da ke kwance a cikinsa ya motsa, sababbin gaɓoɓi su bayyana. A cikin kwalekwalen nan ne Mimir, wanda kansa kawai ya rage yana rataye a ƙugun Kratos, yake ba da labaran abubuwan bautar ƙasar, Odin da Thor, da na ƙattai. Idan aka sauka a gaɓa sai ya dakata, idan aka dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Wannan yana daga cikin mafi kyawun abin da ke cikin wasan, sai dai da Turanci ne mai nauyi, rubutun da ke ƙasan allo ƙanana ne, kuma a shagon da janareta ke ruri a bayan katanga ga 'yan ƙwallo na musu a gefe, ba abin da ke isa kunne. Na ga saurayi ya biya kuɗinsa, lokacinsa ya ƙare yana cikin kwalekwale bai sari kowa ba, ya miƙe ya ce wa mai shagon, "Malam, gobe ka mayar mini da tsohon." Ranar da aka samu wani ɗalibi mai jin Turanci ya zauna yana fassara wa mutane maganganun uban da ɗan da Hausa, yadda aka saba jin finafinan Indiya da fassara, shagon ya yi tsit ana sauraro, har da waɗanda ba su taɓa riƙe abin bugawa ba.

Akwai kuma aibin da ba ruwansa da wurin da ake bugawa. Wani irin ƙato mai ɗauke da ginshiƙin dutse yana dawowa a matsayin bos sau da yawa, launinsa kawai ake canzawa, kuma hanyar kashe shi ɗaya ce, abin da tsohon wasan bai yarda ya yi ba. Shafukan sulke da duwatsun ƙarfi da lambobin daraja sun yi yawa, mutum yana ɓata lokaci wajen maƙeran nan biyu, Brok da Sindri, yana gwada wannan da wancan, alhali a tsohon jajayen ɗigo kawai ake tarawa a zuba wa makami. Faɗan da ya fi kowanne gwada gwaninta, wato na mayaƙa mata takwas masu fukafukai da sarauniyarsu Sigrun, an ajiye shi a gefe, wanda ya bi labari kawai ba zai gamu da shi ba. Duk da haka wasan ya ci kyautar gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards na 2018, an fitar da shi a kwamfuta a watan Janairun 2022, kuma zuwa Nuwambar 2022 an sayar da fiye da kwafi miliyan 23. Ban ga abin musu a wannan karɓuwa ba.

Batun wuta ya kamata mai shago ya auna shi da kyau. A tsohon wasan sai an isa wani wuri mai haske kafin a iya ajiye ci gaba a katin ajiya, don haka idan mai ya ƙare wa janareta a tsakani, an koma baya. Sabon yana ajiyewa da kansa a kai a kai, amma PlayStation 4 ba ta son a ɗauke mata wuta ba zato. Idan aka kunna sai ta tsaya binciken ma'ajiyarta, kuma yawan hakan yana iya lalata abin da ke ciki. Ta fi PlayStation 2 cin wuta sosai, wannan wasan kuma yana daga cikin waɗanda ke sa fankarta ihu, balle a zafin bazara a ɗakin kwano, ko bayan ƙurar hunturu ta toshe mata kafofin iska. Wanda ba shi da sola da batir mai riƙe wuta yana saka dukiyarsa a haɗari. Ita kuwa tsohuwar na'urar, idonta mai karanta faifai ne ke saurin gajiya, kuma masu ɗora wasan a kan filash sun san yadda hotunan labari ke sarƙewa, saboda kafar USB ɗinta ta tsohon yayi ce marar sauri.

Wajibi ne a faɗi wani abu ga iyaye da masu shaguna. Duka wasannin biyu an yi musu alamar shekara 18 a Turai, kuma dukansu sun ginu ne a kan tatsuniyoyin mutanen da suka bauta wa gumaka, da al'adu irin su ƙona gawa waɗanda ba namu ba ne. Babba ya san tatsuniya ce, ƙaramin yaro kuwa yana buƙatar a gaya masa. Bayan wannan, God of War II yana da tsiraicin mata a fili a wurare da dama, har da wani ɓangare na batsa da ke ɓoye a wani gidan wanka tun a birnin farko, wanda manyan yara suka san inda yake. Sabon ba shi da wannan ko kaɗan, ko da yake jini yana nan, kuma bakin Brok ba shi da linzami. Wannan babban maki ne a kan tsohon, kuma mai shagon da ke barin 'yan firamare su cika masa benci ba shi da hujjar cewa bai sani ba. Abin da ya dace shi ne ya keɓe wasan ga manya, ya juya talabijin ɗin daga bakin ƙofa, ya kuma tsallake wancan wuri da kansa ya ajiye ci gaban a gaba da shi.

Ga mai shagon da ke da PlayStation 2 da ƙaramin janareta, shawarata ita ce ya riƙe God of War II da waɗannan sharuɗɗa, domin shi ne ke biyan mai ɗan canji a aljihu cikin ɗan lokaci, yana kuma riƙe 'yan kallo waɗanda gobe su ne masu biya. Idan ya sayi PlayStation 4, ya sani ƙwallo ce za ta mayar masa da kuɗinsa, sabon God of War kuma ya ware shi ga amintattun abokan ciniki da za su riƙa ɗaukar sa'a guda ko biyu a lokacin da shago ba cunkoso, musamman da rani bayan an gama aikin gona, kowa da sunansa a na'urar domin kada wani ya goge ci gaban wani. Wanda kuwa yake da sola a gida, yana jin Turanci ko yana da mai fassara masa, kuma zai iya ba wasan dararen da yake buƙata, to sabon ya nema, bayansa ma akwai God of War Ragnarök na Nuwambar 2022 wanda shi ma yana hawa PlayStation 4. Idan za a sayi na'urar ta hannu a Kano, a sa mai sayarwa ya kunna wannan wasan a gaban mai saye, a bar shi ya yi aƙalla rabin sa'a ana sauraron fanka, a kuma jefa gatarin a kira shi sau da yawa domin a tabbatar maɓallan R1 da R2 da alwatika ba su mutu ba.